Trental: Wa Ke Cin Sadakar Mamaci?

Akwai wata kalma kwance a cikin manyan ƙamusoshin Ingilishi wadda su kansu mutanen Ingila na yau da wuya ka sami wanda zai gaya maka ma'anarta. Kalmar ita ce trental. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin talatin, ta biyo ta bakin Faransawa ta shiga Ingilishi. Abin da take nufi kuwa shi ne jerin ibadar Mas guda 30 da limamin coci ke yi domin wani mamaci, a biya shi ladansa. Mas ita ce babbar ibadar Kiristoci mabiya ɗarikar Katolika, inda liman ke keɓe gurasa da ruwan inabi a gaban jama'a. Shekaru 500 da suka wuce kalmar nan tana bakin kowa a Ingila, tana cikin wasiyyar attajiri da ta manomi. Yau ta mutu, sai masu tonon tarihi kaɗai ke waiwayarta.

Ba don sha'awar tsofaffin kalmomin Turawa muka ɗauko ta ba. Mun ɗauko ta ne domin a bayanta akwai labarin wata al'umma da ta yi gardama mai zafi a kan abin da rayayye zai yi wa mamacinsa, irin gardamar da mu ma muke ciki game da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Su sun riga sun yanke tasu, an kuma ga abin da ya biyo baya. Ra'ayinmu shi ne, a cikin kowace al'ada ta tunawa da mamaci akwai rabon mabukaci, akwai kuma rabon mai cin riba da mai neman suna. Wanda ya rungumi al'adar duka ya ciyar da na biyun, wanda kuma ya rushe ta duka ba tare da shiri ba ya hana na farkon. Aikin mai ilmi shi ne ya iya rarrabe su.

Bari mu fara daga asali. Fafaroma Giregori na Farko, wanda ya riƙe kujerar Roma daga shekarar 590 zuwa 604, ya ba da labarin wani ruhubani mai suna Yustus a gidan ibadar da shi Giregori ya kafa. Dokar gidan ta hana kowa mallakar abin kansa, amma da ajali ya matso sai aka tarar Yustus ya ɓoye tsabar zinariya uku. Giregori ya yi fushi, ya hana 'yan'uwansa su zauna kusa da shi a lokacin fitar rai, ya sa aka binne shi a juji tare da zinariyar tasa. Bayan kwana 30 tausayi ya kama shi, ya ba da umurni a yi wa mamacin Mas kullum har kwana 30 a jere. Labarin ya ce da aka cika, sai Yustus ya bayyana ga ɗan'uwansa da dare ya shaida masa ya sami sauƙi. Daga wannan labari ne lissafin talatin ya samo ƙarfinsa. Abin lura a nan shi ne, al'adar ta faro ne daga horon wani mutum saboda son kuɗi, ta kuma ƙare da zama hanyar tara kuɗi.

Yadda aka yi haka kuwa shi ne, a hankali cocin Roma ya tsayar da aƙidar cewa akwai wani matsayi da suke kira Furgatori, inda ran mai bi wanda ya mutu da sauran ƙananan laifuffuka zai sha wahalar tsarkakewa kafin ya shiga Aljanna, kuma addu'a da sadaka da Mas na rayayyu suna rage masa zaman. Babban taron limaman coci na birnin Liyon a 1274 ya tabbatar da wannan, na Fulorans ya sake ƙarfafa shi a 1439. Tun kafin haka ma, Odilo, shugaban gidan ruhubanawa na Cluny a Faransa daga 994 zuwa 1049, ya keɓe ranar 2 ga Nuwamba domin yi wa dukan matattu addu'a. Littafin ibadar Roma kuma ya tanadi Mas na musamman a rana ta uku da ta bakwai da ta talatin bayan rasuwa, Kiristocin Gabas su kuma sukan riƙe ta uku da ta tara da ta arba'in. Duk Bahaushen da ya ji wannan lissafi ya san ba baƙonsa ba ne.

To, da zarar aka yarda cewa yawan ibada na gaggauta fitar rai daga wahala, sai farashi ya shigo. A Ingila ta ƙarni na 15 kuɗin Mas ɗaya kwabo 4 ne bisa al'ada, watau trental guda ta kama sule 10, a irin lissafin fam da sule da kwabo da ƙasarmu ta yi aiki da shi har 1973. Lebura a wancan zamani kamar kwabo 4 yake samu a yini. Ashe ke nan talaka sai ya ba da ladan guminsa na wata guda cur kafin ya saya wa mahaifinsa abin da attajiri ke saye da yawa ba tare da ya ji a jikinsa ba. Masu hali sukan ware gona ko gidan haya su mai da shi kamar waƙafi, kuɗin da ke fitowa a riƙa biyan liman guda yana yi musu Mas har abada. Irin wannan waƙafi shi suke kira chantry. Sarki Henri na Bakwai, wanda ya rasu a 1509, ya bar wasiyyar a yi masa Mas 10,000. Tun kafin nan mawaƙinsu Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya riga ya yi wa masu wa'azin yawo ba'a a cikin Labarun Kantabari, saboda yadda suke kwaɗaita wa jama'a sayen trental domin cika jakarsu.

Sai dai adalci ya wajaba, domin wannan ɓangare ɗaya ne na labarin. A aƙidar mutanen nan addu'ar matalauci tana da nauyi na musamman, saboda haka kusan babu jana'izar mai hali da ba a raba wa talakawa gurasa da kuɗi, wani lokaci har da tufafi, a ranar binnewa da ranar cika wata da ranar cika shekara. Limaman waƙafi da yawa suna koyar da yaran gari karatu. Talakawa sukan kafa ƙungiyoyi suna zuba 'yan kwabbai kamar adashi, domin duk wanda ya rasu a cikinsu a yi masa sutura da addu'a, wanda ya tsufa ko ya kwanta ciwo a tallafe shi. Shi kansa Henri na Bakwai ya kafa masaukin Savoy a London domin miskinai 100 su sami wurin kwana. A 1438 babban limamin Kantabari, Henry Chichele, ya kafa kwalejin All Souls a Oksfod, watau kwalejin dukan rayuka, domin malamanta su yi karatu su kuma yi addu'a ga waɗanda suka mutu a yaƙin Ingila da Faransa. A ƙauyuka kuwa, idan farkon Nuwamba ya zo, matan gida sukan toya wasu ƙananan waina da suke kira wainar rai, matalauta da yara su bi gida gida suna karɓa, a bakin alkawarin za su yi wa matattun gidan addu'a. Watau tsoron lahira ya zama wata hanya da dukiya ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa, ko da kuwa kaɗan kaɗan ne.

Sa'an nan masu gyara suka taso. A 1517 Martin Luta ya fito da batutuwansa 95 a Jamus yana sukar sayar da takardun gafara. A 1529 wani lauya a Ingila mai suna Simon Fish ya rubuta ɗan littafi da bakin mabarata, yana kai ƙara wurin Sarki Henri na Takwas cewa limaman coci sun cinye arzikin ƙasa da sunan fitar da rayuka daga Furgatori, alhali kuwa kutare da makafi suna mutuwa da yunwa. A shekarar nan Thomas More ya mayar masa da martani da bakin matattu, suna roƙon kada a manta da su. A lura da kyau: kowane ɓangare da sunan mai rauni ya yi magana, wannan da sunan mabaraci, wancan da sunan mamaci.

Masu gyara ne suka yi rinjaye. A ƙarshen 1547, sa'ad da Sarki Edwad na Shida yake yaro ɗan shekara 10, majalisar dokoki ta zartar da dokar da ta rushe waƙafan nan da ƙungiyoyin addu'a, fiye da 2,000, ta mayar da dukiyarsu hannun sarki. Gabatarwar dokar ta yi alkawarin za a juya kuɗin zuwa gina makarantu da taimakon jami'o'i da kula da matalauta. A 1552 sabon littafin addu'ar cocin Ingila ya cire roƙo domin mamaci daga hidimar jana'iza. Daga nan kalmar trental ta fara hanyarta ta zuwa kabari.

Ina alkawarin ya kwana? An bar wasu makarantu, an sake kafa wasu da sunan Sarki Edwad, an ba limaman da aka sallama ɗan fansho. Amma mafi yawan dukiyar an sayar da ita, kuɗin ya tafi wajen yaƙi da Sukotland da biyan bashin gwamnati, gonakin kuma suka faɗa hannun fadawa da masu ido da kwalli. Mabaracin da Simon Fish ya yi kuka da sunansa bai ga komai ba, sai ma gurasar ranar jana'iza da ta ragu, asusun ƙungiyarsa kuma ya tafi. Sai da aka yi shekara 50 ana 'yan dabaru kafin Ingila ta tsayar da cikakkiyar dokar kula da matalauta a 1598 da 1601. Garin neman gira aka rasa ido. Kwalejin All Souls ita ta tsira, domin dokar ta tsame kwalejojin Oksfod da Kambirij, tana kuma nan tana aiki har yau. Sadakar da aka ɗaure da ilmi ita ce ta rayu.

Al'adun gargajiya kuwa ba su mutu da dokar ba, sai dai ruhinsu ya fita ya bar gangar jiki. A yankunan Cheshire da Shropshire yara sun ci gaba da bin gidaje neman wainar rai har cikin ƙarni na 19 da bayansa, amma addu'ar ta faɗi a hanya, abin ya koma roƙon waina da tuffa da kwabo. Kalmar dirge, wadda a yau take nufin waƙar baƙin ciki kawai, asalinta kalmar farko ce ta wata addu'ar Latin da ake yi wa mamaci da asuba. A Ailan, inda Katolika suka fi yawa, har yanzu ana yin Mas na cika wata. Daɗin daɗawa, da yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 ya cinye samari ba adadi, da yawansu ba a ma ga gawarsu ba, sai roƙo domin matattu ya komo cikin cocin Ingila ɗin nan da ya kore shi, domin iyaye mata ba su iya yin shiru ba. A 1915 Fafaroma Benedik na 15 ya ba kowane liman izinin yin Mas uku a ranar 2 ga Nuwamba. Doka tana iya rufe asusu, amma ba ta iya hana zuciya neman abin da za ta yi wa wanda ta rasa.

Yanzu mu juyo gida. Aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce, ba kuma muna cewa sadakar arba'in daga Roma ta zo ba. Musulunci ba shi da Furgatori irin nasu, ba shi da liman mai tsayawa tsakanin bawa da Ubangijinsa. Amma halin ɗan Adam ɗaya ne, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Gardamar ma tsohuwa ce a wurinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi magana a kan bidi'o'in jana'iza a cikin Ihya'us Sunna. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da wa'azin marigayi Shaihu Abubakar Gumi a rediyo, zancen keɓe ranar uku da bakwai da arba'in ya raba unguwanni, har ya raba gidaje. Wasu malamai sun ce ƙayyade ranakun ba shi da asali, wasu sun ce sadaka ce da addu'a, lokaci kawai aka sa mata. Hukuncin wannan na malamai ne, ba na mujallar ɗalibai ba. Amma dukansu sun haɗu a kan cewa addu'a da sadaka suna amfanin mamaci, sun kuma haɗu a kan cewa cin dukiyar maraya babban laifi ne. A tsakanin waɗannan biyun akwai filin da ya ishe mu aiki.

Mu tambayi kanmu tambayar da tarihin trental ya koya mana: wa ke biya, wa ke ci? A tsohon tsari na karkara amsar ba ta da wuya. Mata su daka gumba, su toya waina, a raba wa almajirai da yara da tsofaffin unguwa, a ba malamin gari ɗan abin da ya samu, shi da ba shi da albashi ko fansho. Kowa ya kawo ɗan hatsinsa, nauyin bai faɗa kan mutum guda ba. A birni fa? Sai a kafa rumfuna, a yi hayar kujeru, a dafa shinkafa da nama, a buga kalanda da hoton mamaci, a sayi fili a rediyo da jarida. Masu manyan riguna su zauna a gaba su ci su ƙoshi, almajiri yana bayan katanga yana jiran suɗi. Kuɗin kuwa sau da yawa daga abin da mamacin ya bari ake ɗiba tun ba a raba gado ba, ko kuma a ɗora wa ɗan da ya fara aikin gwamnati, ya ci bashin albashin wata uku domin kada a ce gidansu sun gaza. Matar mamacin tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, tana lissafin abin da yara za su ci bayan an naɗe tabarmi. Wannan ita ce trental ɗinmu: farashi ya shiga, suna ya shiga, mabukaci ya koma baya.

A ɗaya gefen kuma akwai namu laifin, mu 'yan boko da masu zafin gyara. Mukan tashi mu ce ba za a yi sadakar komai a gidanmu ba, mu ji daɗi mun kawar da bidi'a ko mun kawar da almubazzaranci. Madalla. To, kuɗin da ba a kashe ba ina ya tafi? In ya koma aljihunmu, ko ya zama sabuwar waya da sabon ɗinki, to, mun bi sawun fadawan Sarki Edwad ke nan, mun rushe da sunan talaka mun cinye rabonsa. Tsohuwar da ta saba samun gumba ba ta san hujjojinmu ba, abin da ta sani shi ne ƙofar da take buɗe ta rufe. Kuma kada mu manta, taron makoki shi ne ranar da dangi na nesa ke zuwa su ga marayu da idonsu, a san wa zai ɗauki wane. Wanda ya watsa taron bai kafa wani abu a madadinsa ba ya bar gwauruwa ita kaɗai da bango huɗu.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi, kuma babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci. Da farko, mu tsaya a kan jerin da shari'a ta shimfiɗa game da abin da mamaci ya bari: suturarsa, sa'an nan bashinsa, sa'an nan wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan magada. Babu tukunyar shinkafar baƙi a cikin jerin nan. Duk mai son yin sadaka ya yi daga aljihunsa, kuma mu masu iya rubutu mu ne ya kamata mu zauna mu rubuta abin da aka bari tun ranar farko, a gaban shaidu.

Na biyu, mu mayar da tukunya inda take. Sa'ad da labarin rasuwar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya iso Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umurni ya bayar a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Gidan rasuwa ake kai wa abinci. Ranar da muka mai da shi gidan da ake zuwa ci, mun juya al'amarin a kife.

Na uku, abin da za a bayar a ba wanda yunwa ke damu, a kai masa har inda yake, ba sai ya zo ya tsaya a bayan rumfa ba. Abin da ya fi wannan kuma shi ne sadaka mai gudana. Sa'adu ɗan Ubada ya haƙa rijiya ne domin mahaifiyarsa. Kuɗin rumfa da kalanda na yini guda zai iya biyan kuɗin makarantar maraya, ko gyara famfon unguwa, ko sayen littattafai a ajiye a makarantar garin da sunan mamacin. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban garuruwa da na ma'aikata suna iya buɗe asusu na musamman domin karatun 'ya'yan waɗanda suka rasu, da littafin shiga da fita wanda kowa zai iya dubawa. Wannan kira ya haɗa har da 'yan'uwanmu Kirista na wannan jami'a, domin nauyin bikin binnewa bai bar gidajensu ba su ma.

Na huɗu ya shafi ɗaliban harshe da tarihi. Abin da ya sa muka iya bin sawun trental shi ne mutanenta sun bar wasiyyoyi da littattafan lissafin coci, masana suka zo suka tattara. Mu fa? Ƙamusun Bargery ya fito tun 1934, kuma cike yake da kalmomin da jikokin waɗanda suka faɗa masa su ba su sani ba a yau. Al'adun mutuwa na Katsina da na Zazzau da na Damagaram da na Arewa ba iri ɗaya ba ne, tsofaffin da suka san sunan kowane abu da dalilinsa kuwa suna ta tafiya. Hutu na zuwa. Kowa ya ɗauki alƙalami ya zauna gaban kakarsa ya tambaye ta me ake dafawa, wa ake ba, me ake cewa, me ya sa. Rubuta al'ada ba yarda da ita ba ne, amma wanda bai san abin da ke cikin ƙwarya ba bai kamata ya yi saurin zubar da ita ba.

Mutuwa rigar kowa ce, kuma wata rana a gidan kowannenmu za a shimfiɗa tabarmin nan. Kafin ranar ta zo ya kamata mu san amsar da za mu ba kawu ko gwaggo idan suka ce a kawo kuɗin arba'in, amsa ta ladabi wadda ba ta tozarta su ba, ba ta kuma taɓa haƙƙin maraya ba. Mu ce musu za a yi wa mamaci abin da zai amfane shi, ga kuma wanda zai ci, ga abin da zai dawwama. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya abin da suka bari, ya sa mu cika da imani.